Wai jami'ar Howard ta baƙaƙe ce zalla? Amsa ga Hajiyar da 'yarta ta samu gurbi a can

Tambayar da wata Hajiya ta turo ita ce, 'yarta ta samu gurbin karatu a jami'ar Howard da ke birnin Washington, ana cikin murna sai wani daga cikin dangi ya ce ai wannan makarantar baƙaƙen fata ce, ta waɗanda suka kasa shiga manyan jami'o'i, kuma shi bai ga dalilin da mutane za su yi ta kukan wariya sannan su ware makaranta su ce tasu ce har ana kiɗa ana fareti ana alfahari da ita ba. Shi ne take son ta ji wai gaskiya ne, kuma mene ne asalin wannan alfaharin.

Hajiya da farko dai ina taya ku murna, Allah ya sanya albarka ya sa ta gama lafiya. Tarihin ilimi shi ne fannina kuma wannan ɓangaren na Amurka na daɗe ina karantar da shi, don haka ki yi haƙuri amsar za ta yi tsawo, maganar ba ta layi biyu ba ce.

Bari in fara cire miki damuwar farko. Babu wata doka ko ƙa'ida da ta hana farar fata ko Balarabe ko ɗan Indiya shiga Howard, kuma ba a taɓa yin ta ba. Hasali ma ɗaliban farko da suka zauna a aji a Howard a 1867 'yan mata ne farare, 'ya'yan mutanen da suka kafa ta. Irin waɗannan makarantun sun kai wajen 100 a Amurka, a taƙaice ana ce musu HBCU, wato kwalejoji da jami'o'in da asalinsu don baƙaƙe aka kafa su, kuma a yau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗalibansu ba baƙaƙe ba ne, akwai ma irin West Virginia State da Bluefield State da yanzu farare suka fi yawa a ciki. Dokar ilimi mai zurfi ta 1965 ita ta fayyace su, ta ce makarantun da aka kafa kafin 1964 da nufin ilmantar da baƙaƙen Amurka. Kin ga ashe maganar tarihi ce, ba maganar mai gadi a bakin get yana duba launin fata ba.

Toh me ya sa aka kafa su tun farko, nan ne ɗan'uwan naku ya yi tsallake. A zamanin bauta jihohin kudancin Amurka da dama laifi ne a doka ka koya wa bawa rubutu. South Carolina ta yi irin wannan dokar tun 1740, bayan boren bayi da Nat Turner ya jagoranta a 1831 kuma sai aka ƙara tsaurarawa, bulala ce ga bawan da aka kama yana koyo, tara ko ɗauri ga wanda ya koyar. Kuma kar ki ɗauka duk waɗanda aka kwasa daga nan Afirka jahilai ne, akwai malamai a cikinsu. Umar ibn Said mutumin Futa Toro ne a Senegal ta yau, ya yi shekaru yana karatun addini kafin a kama shi a kai shi Amurka a 1807, da ya gudu aka kama shi aka kulle a gidan yarin Fayetteville sai aka tarar yana rubutun Larabci a jikin bango, mutanen gari suna zuwa kallo. A bawa ya rasu. A wannan garin na Fayetteville ne a 1867 wasu baƙaƙe bakwai suka haɗa kuɗi suka sayi fili don a gina wa yaransu makaranta, ita ce yau jami'ar Fayetteville State.

Kafin yaƙin basasar Amurka ƙalilan ne irin makarantun nan aka samu a arewacin ƙasar. Cheyney a jihar Pennsylvania a 1837, Lincoln ita ma a Pennsylvania a 1854, sai Wilberforce a Ohio a 1856, wadda cocin baƙaƙe ta AME ta saya a 1863 ta naɗa Bishop Daniel Payne shugaba, shi ne baƙar fata na farko da ya shugabanci kwaleji a ƙasar. Da yaƙin ya ƙare a 1865 sai ga mutum wajen miliyan 4 an 'yanta su rana tsaka, babu gona babu jari babu karatu, kuma jami'o'in kudu ba mai karɓarsu. Abin da ya fi burge ni a duk tarihin nan shi ne abin da mutanen nan suka fara nema, wallahi makaranta ce. Tsoho mai furfura da jikansa a benci ɗaya, shi yana so ya karanta littafin addininsa kafin ya mutu, kuma yana so ya iya karanta takardar kwantiragin gona kar a cuce shi.

Ki dubi Fisk a garin Nashville. An buɗe ta a 1866 a tsofaffin barikokin sojoji na katako, zuwa 1871 kuɗi ya ƙare ƙaf, ana shirin rufewa. Ma'ajin makarantar George White, wanda shi ne kuma malamin waƙa, ya kwashi ɗalibai tara, yawancinsu an haife su ne a cikin bauta, ya ɗauki kusan duk ɗan abin da ya rage a asusu suka kama hanya ranar 6 ga Oktoba 1871 suna yawon rera waƙa don tara kuɗi. Da farko wahala suka sha, otal ya ƙi ba su ɗaki, jirgin ƙasa a kore su daga tarago, ga sanyi ga babu rigunan kirki. Sai da suka fara rera waƙoƙin da iyayensu ke yi a gonakin bauta, waɗanda da farko su kansu yaran ba sa son fito da su gaban Turawa saboda abu ne na cikin gida mai zafi, sannan mutane suka fara cika zaure suna hawaye suna ba da kuɗi. A 1873 har gaban Sarauniya Victoria suka yi waƙa a Ingila. Da kuɗin muryarsu aka gina Jubilee Hall, katafaren gini da yake nan tsaye har yau ɗalibai na kwana a ciki, kuma duk ranar 6 ga Oktoba makarantar tana taruwa a tuna da su, a je har kaburburan wasu daga cikinsu a yi musu addu'a. Toh Hajiya idan kika ga ɗan Fisk yana ɗaga kafaɗa, ga abin da ke bayansa.

Spelman kuwa, ta mata zalla a Atlanta, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wata coci ta fara a 1881 da ɗalibai 11 da dala 100, mata biyu farare daga arewa ne suka buɗe ta, kuma gaskiya dole a faɗa, 'yan mishan farare da wasu attajirai sun taka rawa sosai a kafa da yawa daga makarantun nan, har sunan Spelman ɗin ma na dangin matar attajirin nan Rockefeller ne. A shekarar dai aka buɗe Tuskegee a Alabama, jiha ta ba da dala 2,000 a shekara na albashin malamai amma ko taku ɗaya na fili ba ta bayar ba, balle gini. Booker T. Washington ya fara da ɗalibai 30 a wata rumfa mai yoyo, daga baya ɗaliban da kansu suka riƙa haƙa ƙasa suna buga jan bulo, sau uku wurin gasa bulon yana lalacewa har sai da ya kai agogonsa jingina aka sake gwadawa, da wannan bulon suka gina azuzuwansu da hannunsu. Mary McLeod Bethune ita kuma a Florida a 1904 da dala ɗaya da rabi da 'yan mata biyar ta fara, akwatunan kaya ne teburansu.

An yi doguwar muhawara tsakanin Booker T. Washington da masanin nan baƙar fata W.E.B. Du Bois, shi yana cewa a fara da sana'a da noma a tara abin hannu, Du Bois yana cewa a'a sai an samu masu zurfin ilimi da za su ja ragama su nemi haƙƙi. Ni dai a ganina kowannensu ya riƙe rabin gaskiya ne, kuma makarantun a aikace duka biyun suka yi. Abin da suka fi fitarwa da yawa shi ne malaman makaranta, dubbai, suna gamawa suna bazuwa ƙauyukan kudu suna buɗe aji a coci ko a ƙarƙashin bishiya. Sakamakon kuwa ƙididdigar gwamnati ta nuna shi, a 1870 kusan kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen Amurka ba su iya karatu da rubutu ba, zuwa 1910 abin ya sauko kusan kashi 30. Shekara 40 kacal, a cikin talauci da barazanar 'yan ta'addan Ku Klux Klan da ke ƙona makarantu.

Yanzu ga inda nake so ki fi riƙewa. Duk watan Fabrairu, wato watan tarihin baƙaƙe a Amurka, za ki ga ana ta yaɗa jerin sunaye, wane ne baƙar fata na farko da ya yi kaza, wance ce ta farko da ta yi kaza. Alexander Twilight ya samu digiri a Middlebury a 1823, Mary Jane Patterson a Oberlin a 1862, Du Bois ya yi digirin digirgir a Harvard a 1895. Duk sun cancanci yabo ba musu. Amma ni jerin na farko na farko ɗin nan ba ya gamsar da ni, don labarin mutum ɗaya ne da ya kutsa ta tsagar ƙofa aka kuma mayar da ita aka rufe. Misali Edward Bouchet, ya gama digirin digirgir a fannin fiziks a Yale a 1876, lokacin da duk Amurka masu irin wannan digirin a fiziks ba su cika yatsun hannu biyu ba, amma babu jami'ar farare ko ɗaya da ta ba shi aiki. Ina ya tafi? Makarantar baƙaƙe ta Philadelphia, wadda ita ce asalin Cheyney, can ya yi shekara 26 yana koyar da yara kimiyya. Kin ga ko shi na farkon, da babu makarantar mutanensa da iliminsa ya mutu a cikinsa. Shi ya sa nake cewa abin alfahari na gaske su ne makarantun, su ne suka mayar da nasarar mutum ɗaya ta zama ta al'umma.

Maganar wariya kuma, ai kamar maƙwabci ne ya hana ki ɗiban ruwa a rijiyarsa shekara da shekaru, kika haƙa taki da farce, kika bar ta a buɗe kowa ya sha, bayan ya sauko sai ya zo yana tambayar wai me ya sa kike da rijiya daban. Gwamnati ce da kanta ta raba. Dokar Morrill ta biyu a 1890 ta ce jihar da ke son kuɗin tarayya na kwalejojin noma da fasaha ko dai ta karɓi baƙaƙe ko ta buɗe musu tasu daban, jihohin kudu duk suka zaɓi rabawa, haka aka samu irin su North Carolina A&T. A 1896 Kotun Ƙoli ta sa hannu a shari'ar Plessy, wai a raba amma a daidaita, rabawar aka yi daidaitawar kuwa ko kusa.

Kuma abin da zai ba ki sha'awa, makarantar da 'yarki za ta je ita ce ta rushe wannan tsarin. Thurgood Marshall ɗan Baltimore ne, makarantar lauyoyi ta jami'ar Maryland tana cikin garinsu amma ba ta ɗaukar baƙaƙe, dole kullum ya hau jirgin ƙasa zuwa Washington ya yi karatu a Howard, mahaifiyarsa har zobenta na aure ta jinginar don kuɗin makaranta. A can ya haɗu da Charles Hamilton Houston, malami mai tsanani wanda ya mayar da sashen shari'a na Howard wurin horar da lauyoyin da za su yaƙi wariya a kotu, ɗaya bayan ɗaya, da dabara. Marshall ya gama a 1933 shi ne na ɗaya a ajinsu, bayan shekara biyu ya maka jami'ar Maryland ɗin a kotu a madadin wani ɗalibi Donald Murray, ya kuma yi nasara. Ranar 17 ga Mayu 1954 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin shari'ar Brown cewa raba makarantun gwamnati bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki, Marshall ne jagoran lauyoyin, kuma a Howard suke yin gwajin muhawararsu kafin su shiga kotu. A 1967 shi kansa ya zama alƙali a Kotun Ƙolin. Ko bayan hukuncin ma ba a buɗe ƙofa da daɗi ba, a 1962 sai da aka tura sojoji kafin wani ɗalibi baƙar fata James Meredith ya yi rajista a jami'ar Mississippi, a 1963 gwamnan Alabama George Wallace da kansa ya tsaya a bakin ƙofa don ya tare ɗalibai biyu. Wannan fa ba zamanin da can ba ne, akwai waɗanda aka yi a gabansu suna nan da ransu.

Ɗalibai ma ba a bar su a baya ba. Ranar 1 ga Fabrairu 1960 samari huɗu 'yan aji ɗaya na North Carolina A&T suka shiga kantin Woolworth a Greensboro, suka sayi 'yan kayayyaki aka karɓi kuɗinsu, sai suka zauna a kujerun cin abinci na farare suka ce a kawo musu kofi. Aka ce ba a sayar wa baƙaƙe a nan. Ba su yi faɗa ba ba su tashi ba har aka rufe kanti. Washegari suka dawo su fiye da 20, 'yan matan kwalejin Bennett suka shigo, kafin wata biyu abin ya bazu garuruwa da dama a kudu, zuwa watan Yuli kantin ya sauko. Martin Luther King yana ɗan shekara 15 ya shiga Morehouse, ya gama a 1948. Wasu kuma da ransu suka biya, a 1968 'yan sanda sun harbe matasa uku a harabar South Carolina State, a 1970 an kashe biyu a Jackson State.

Mu ma nan Afirka muna da kaso a ciki, wannan ne mutanenmu da yawa ba su sani ba. James Aggrey ɗan Gold Coast, Ghana ta yau, a kwalejin Livingstone ya yi karatu kafin ya dawo ya zama mataimakin shugaban makarantar Achimota. Nnamdi Azikiwe ya tafi Amurka a 1925, ya bi ta Storer da Howard ya gama a Lincoln a 1930, shekarar da Marshall ma ya gama digirinsa na farko a can kafin ya tafi Howard. Shi ya ƙarfafa wa Kwame Nkrumah gwiwa ya tafi Lincoln ɗin, ya gama a 1939. Hastings Banda na Malawi a kwalejin likitanci ta Meharry ya zama likita. Wato lokacin da Turawan mulkin mallaka ke ƙididdige yawan 'yan Afirkan da za su bari su yi digiri, makarantun jikokin bayi ne suka buɗe wa namu ƙofa, kuma a can suka ga baƙar fata farfesa, baƙar fata likita, suka dawo da wani irin tunani. Du Bois kansa a Accra ya ƙare rayuwarsa a 1963, kabarinsa na can. Shi ya sa idan kika ga bikin yaye ɗalibai sun rataya ƙyallen kente na Ghana a wuya a kan rigar digiri, neman asali ne, mutanen da aka raba da sunan kakanninsu da harshensu suna cewa mu ma daga wani wuri muka fito.

Batun cewa ta waɗanda suka kasa ce, wannan kam bai yi bincike ba. Gaskiya ne ba duka ɗarin nan ne ɗaya ba, akwai masu ƙarfi akwai masu rauni sosai, kamar ko'ina. Amma Howard da Spelman da Morehouse da Hampton da North Carolina A&T ba a shigarsu da wasa. A 2025 Howard ta shiga rukunin farko na jami'o'in bincike a Amurka. Kamala Harris a can ta gama a 1986. Katherine Johnson wadda ta yi wa hukumar NASA lissafin tafiyar 'yan sama jannati 'yar West Virginia State ce. North Carolina A&T ta daɗe tana kan gaba wajen yaye baƙaƙen injiniyoyi, Xavier ta Louisiana kuma, 'yar ƙaramar jami'a ce amma tana cikin waɗanda suka fi tura baƙaƙe makarantar likitanci a duk ƙasar. Makarantun nan gaba ɗaya kusan kashi 3 ne cikin 100 na manyan makarantun Amurka, amma sama da kashi 10 na digirin farko da baƙaƙe ke samu daga wurinsu yake fitowa. Sirrin a ganina ba wani abu ba ne illa yaro ya shiga ajin kimiyya ba tare da ana masa kallon me ya kawo ka nan ba, kuma malami ya san sunansa, in ya yi fashi a neme shi.

Likitanci ma akwai labari mai ciwo. A 1910 aka fitar da rahoton Flexner kan gyaran makarantun likitanci, makarantun baƙaƙe bakwai ne a lokacin, biyar suka rufe aka bar Howard da Meharry kawai, su biyun nan ne suka riƙe al'umma gaba ɗaya shekaru da dama. Har yau baƙaƙe sun kai kusan kashi 13 na jama'ar Amurka amma a likitoci ba su cika kashi 6 ba.

Shi kuma bikin da kuke gani a bidiyo, yawanci na dawowar tsofaffin ɗalibai ne da ake yi a kaka wajen Oktoba, mako guda cur, ana wasan ƙwallo ana fareti, 'yan badujala ɗaruruwa suna busa suna taka rawa a tsakiyar fili har wasu ma kiɗan suke zuwa kallo ba ƙwallon ba. Kaka da uwa da jika duk 'yan makaranta ɗaya su zo cikin riga iri ɗaya. A nan ake sada zumunci, a nan ake haɗa yaro da wanda zai ba shi aiki, a nan ake tara gudummawa. Watan tarihin baƙaƙe kuma Carter G. Woodson ne ya assasa shi, ɗan tsofaffin bayi da ya yi aikin haƙar kwal, bai shiga sakandare ba sai da ya kai wajen shekara 20 amma ya ƙare da digirin digirgir na Harvard a 1912. A 1926 ya ware mako ɗaya a Fabrairu saboda ya ga littattafan makaranta sun share mutanensa kamar ba su taɓa yin komai ba, a 1976 aka mayar da shi wata guda a hukumance. Manufarsa karatu ce, a buɗe takardu a koya wa yara, ba ado da hotuna kawai ba.

Sai dai Hajiya ba zan ɓoye miki ba, ni abin da ke ci min rai shi ne yabon ya fi kuɗin yawa. Kowane ɗan siyasa in Fabrairu ta zo zai je ya ɗauki hoto ya yi jawabi mai daɗi, amma a 2023 ministocin ilimi da na noma na Amurka da kansu suka rubuta wa gwamnoni 16 wasiƙa cewa tsakanin 1987 da 2020 an tauye wa jami'o'in baƙaƙe na dokar 1890 sama da dala biliyan 12 idan aka kwatanta da takwarorinsu na farare a jiha ɗaya, Tennessee State kaɗai sama da biliyan 2. Asusun waƙafi na Harvard ya haura dala biliyan 50, na Howard da ya fi na kowa a cikinsu wajen biliyan 1 ne. Wasu sun rufe, kamar Saint Paul's ta Virginia a 2013, Morris Brown ta Atlanta ta rasa takardar amincewarta a 2002 sai 2022 ta dawo da ita da kyar. An samu masu hannu da shuni sun taimaka, a 2019 Robert Smith ya tashi a wurin bikin yaye ɗaliban Morehouse ya ce ya ɗauke bashin karatun duk 'yan ajin, kusan dala miliyan 34, MacKenzie Scott ta raba ɗaruruwan miliyoyi tun daga 2020, a 2024 gidauniyar Bloomberg ta ba makarantun likitancinsu huɗu miliyan 600. Madalla da su, amma kyauta daban haƙƙi daban. Tun da Kotun Ƙoli ta hana duba launin fata wajen ba da gurbi a 2023 kuma, nauyin da ke kan makarantun nan ƙaruwa ya yi.

Wannan ƙarancin kuɗin 'yarki za ta iya ganinsa da idonta, gara ta sani tun yanzu. A 2021 ɗaliban Howard sun yi sama da wata guda suna zaman dirshan a wani gini saboda matsalar ɗakunan kwana, kuma ɗalibai sun sha kokawa da jan ƙafa a ofisoshi, don haka duk takardar da ta tura ta ajiye kwafi ta kuma riƙa bibiya. Howard jami'a ce mai zaman kanta, tana da tsada, Washington ma gari ne mai tsadar haya, kuma ɗalibin waje ba ya samun tallafin gwamnatin tarayya, toh ku karanta takardar tallafin da suka ba ta da kyau, shin na shekara huɗu ne ko ɗaya, wane maki ake so ta riƙe kafin a sabunta, ya haɗa da ɗaki da abinci da inshorar lafiya ko kuɗin karatu ne kawai. Ku yi wannan lissafin kafin a je neman biza.

Za ta ji ana maganar ƙungiyoyin ɗalibai masu sunayen haruffan Girka, kar hankalinki ya tashi ki ɗauka irin ƙungiyoyin asirin jami'o'inmu ne, waɗannan a fili suke da rajista, ta mata mafi daɗewa a Howard ɗin aka kafa ta a 1908 kuma aikin taimakon al'umma suke yi, ko da yake akan samu cin zalin sababbin shiga a wasu wurare, ba kuma dole ba ne ta shiga. Wajen addini akwai ƙungiyar ɗalibai musulmi a makarantar, ga Masjid Muhammad babu nisa, 'yan Najeriya da Ghana kuwa suna da yawa a yankin. Abu ɗaya da zan roƙa ki faɗa mata, idan ta je kar ta ware kanta cikin 'yan Afirka kawai tana yi wa baƙaƙen Amurka kallon raini kamar yadda wasu namu ke yi, ta zauna da su ta ji labarin kakanninsu, ta kuma ɗauki ko kwas ɗaya ne na tarihi ko da kimiyya za ta karanta. A cikin babban ɗakin karatu na Founders akwai cibiyar Moorland-Spingarn, tana cikin manyan rumbunan takardun tarihin baƙar fata a duniya har da na Afirka, ɗalibar makarantar tana da damar shiga ta nemi a fito mata da su.